Gidan da A Ke Bi Bashi

Ina so mu yi zance a kan wani al'amari wanda mutane ba su cika son a taɓa shi a fili ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, gama da wuya ka shiga majami'a ran Lahadi ka rasa wanda a ke bi bashi, wani lokaci ma mai binsa yana zaune a bayansa, suna raira waƙa ɗaya. Amma da wannan karin magana mutane da yawa su ke lallashin zuciyarsu, har su yi barci a kan hakkin wani. Ga tambayar da ke gabanmu: mutumin da a ke bi bashi, yana da iko ya ci, ya sha, ya yi sutura kamar wanda ba a bi? In kuwa ba shi da wannan iko, me zai rage cikin gidansa, a kan wa kuma ragin zai fara sauka?

Littafi Mai Tsarki bai ce karɓar rance zunubi ne ba. Shari'ar Musa ma ta umurci mai hali ya ranta wa ɗan'uwansa matalauci. Amma Zabura ta 37 ta lissafta wanda ya ke cin bashi ba ya biya cikin miyagu, Littafin Misalai sura 22 kuwa ya kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ranta masa. Manzo Bulus kuma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 13, ya gargaɗi masu bi kada su bar hakkin kowa a kansu, sai dai hakkin ƙauna wanda ba ya ƙarewa. Akwai wani ɗan labari cikin Sarakuna na Biyu sura 6 wanda ni ke so ƙwarai. Almajiran annabi Elisha suna saran itace a bakin Urdun, sai ruwan gatarin ɗayansu ya kwaɓe ya faɗa cikin kogi. Mutumin ya yi kuka, dalilin kukansa kuwa shi ne gatarin na aro ne. Da nasa ne, da ya yi haƙuri da hasara. Irin wannan zuciya ta yi ƙaranci a zamaninmu, inda mutum ya kan fi tattalin abinsa bisa abin da ya aro.

Ka lura da abin da ya faru ranar da ka miƙa hannu ka karɓi rance. A ranan nan ka sayar da wani yanki na gumin da ba ka yi ba tukuna. Domin wannan, sa'ad da albashi ya zo, ko an kai dami rumbu, ba dukansa ne naka ba. Rabon wani yana ciki, kai kuwa mai riƙon amana ne kaɗai. In ka ɗauki wannan rabo ka sayi sabuwar riga, da kuɗin wani ka yi ado, ko da ya ke bai gan ka ba. Mutum ya kan ce, “Ai ban ƙi biya ba, sai na samu.” Amma ya samu; abin da ya samu ne ya cinye. Wanda ya ke da hanyar ragewa ya ƙi ragewa, ya zaɓi jin daɗin kansa bisa alkawarinsa, ko da bakinsa bai taɓa faɗin haka ba.

Bari mu yi misali da lissafi, gama lissafi ba ya jin kunyar kowa. A ce a na bin mutum naira 200,000, da ruwa kashi goma cikin ɗari kowane wata. Ruwan kaɗai naira 20,000 ne a wata. In abin da ya ke kaiwa ke nan, shekara za ta zagayo ya biya naira 240,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Amma in ya ƙara naira 10,000 a kai, watau yana kai 30,000, cikin wata goma sha biyu bashin zai ƙare ƙaf. Naira 10,000 a wata kuwa ba ta fi 340 a yini ba. Tsakanin bauta marar iyaka da 'yanci cikin shekara guda, abin da ke nan ɗan abu ne wanda mutane da yawa su ke zubarwa a teburin mai shayi ba su sani ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, an yarda a rage. Amma a nan ne mutanen kirki da yawa su ke yin kuskure wanda ya fi na farko muni. Maigida ya kwana da tunanin bashi, da safe ya tashi da fushi, ya yanke kuɗin cefane rabi. Miya ta zama ruwa, yara su tafi makaranta ba kalaci, matar ta shiga cin bashin daddawa da manja wurin maƙwabta domin ta rufa masa asiri. Shi kuwa goronsa yana nan, tsirensa na dare yana nan, katin wayarsa bai ragu ba, wani ma yana sa kuɗi cikin cacar ƙwallo da begen ranar da zai ci ya biya duka gaba ɗaya. Wannan mutum bai rage kome ba. Ya sauke kayan daga kansa ya ɗora wa waɗanda ba su da bakin ƙi. Bulus ya rubuta wa Timotawus magana mai tsanani a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, har ya ce halinsa ya fi na marar ba da gaskiya muni.

Shari'ar Musa ta nuna mana iyaka. Cikin Kubawar Shari'a sura 24 an hana mai bin bashi karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ya ke ci. An kuma ce in ya karɓi mayafin matalauci, ya mayar masa kafin rana ta faɗi domin ya sami abin rufa da dare. In mai bin bashi da kansa ba shi da iko a kan waɗannan abubuwa, kai ma ba ka da ikon miƙa masa su. Tuwon yara, da maganin marar lafiya, da kuɗin makaranta, da irin shuka, da kayan sana'ar da ka ke ci da ita, waɗannan su ne dutsen niƙanka. Tela da ya sayar da kekensa domin ya huce kunyar wata ɗaya, ya sayi talaucin shekaru. Ka tuna da gwauruwan nan ta Sarakuna na Biyu sura 4, wadda mai bin mijinta bashi ya zo zai ɗauke 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha ya fara tambayarta abin da ta ke da shi cikin gida, ba ta kuwa da kome sai ɗan mai a tulu. Bayan da Allah ya yawaita man, annabin ya umurce ta ta sayar ta biya bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci daga abin da ya ragu. Abu biyu ke nan tare: biya ya zo da fari, amma an bar wa gida abin zaman rai.

Saboda haka ragi ya fara daga aljihun wanda ya ci bashin, daga abubuwan da shi kaɗai ya ke mora. Bayan wannan ne zai sami fuskar da zai zauna da matarsa. Zaman nan kuwa wajibi ne, ko da ya ke yana da nauyi. Akwai gidaje masu yawa inda mace ba ta san a na bin mijinta ba sai ranar da a ka yi sallama a ƙofa da murya mai ƙarfi. Akwai kuma inda miji bai san matarsa tana ɓoye bashin atamfa wurin dillaliya ba. Mutum biyu da Allah ya mai da su jiki ɗaya, kowa yana haƙa rami a bayan ɗan'uwansa. Ku zauna da takarda da alƙalami, ku rubuta sunan kowane mai binku da abin da ya ke bi, kada ku rage ko ɗaya saboda kunya. Sa'an nan har wata guda ku rubuta dukan abin da ya fita daga hannunku, har ashana da gishiri. Za ku yi mamaki. Mace kuwa, in an gaya mata gaskiya, sau da yawa ta fi namiji sanin inda kuɗi ya ke yoyo: ta san bambancin sayen hatsi da buhu lokacin kaka da awo da mudu lokacin bazara, ta san yawan tuwon da a ke zubarwa, ta san gawayin da ke ci a banza bayan an sauke tukunya. Ubangijinmu da kansa, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa a tattara gutsattsarin da suka ragu, har suka cika kwando goma sha biyu. Wanda ya iya yawaita gurasa bai yarda a yi ɓarnarta ba.

Amma ashana da gishiri ba su ne su ke jefa yawancin gidaje cikin bashi ba. Babban ramin sunansa idon mutane. A na bikin aure, sai an cika akwatunan lefe domin kada dangin amarya su yi magana. A na suna, sai an yanka rago babba domin maƙwabci ya yanka bara. An yi rasuwa, sai a ciyar da jama'a kwana da kwanaki, a bar gwauruwa da marayu da bashin shinkafar da masu ta'aziyya suka ci. An fitar da anko, mace ta ga in ba ta ɗinka ba ba za ta iya ɗaga kai cikin zumuntar mata ba. Kirsimeti ta zo, ranar tunawa da wanda a ka haifa a ka kwantar cikin komin dabbobi, sai mu yi ta da sababbin kaya na bashi waɗanda ba za a gama biyansu ba sai bayan Ista. Ka tambayi kanka, ɗan'uwana: mutanen nan da ka ke tsoron bakinsu, wane ne cikinsu zai raka ka wurin mai binka? Sun ci, sun wanke hannu, sun tafi, kafin mako ya zagayo sun manta ko naman sa suka ci ko na akuya.

Na san abin da wani zai amsa mini. Zai ce, “Kana koya mana rowa. Ashe, Ubangiji Yesu bai je biki a Kana ba? Ba a umurce mu mu karɓi baƙi ba? Mutum ba ya zama shi kaɗai. Gudummawar da na kai yau ita za a kawo mini gobe.” Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Zumunci dukiya ne, a ƙasar da talaka ba shi da wani madogara ranar wahala sai Allah da danginsa. Wanda ya yanke zumunci domin ya tara kuɗi ya yi wauta, ya kuma yi zunubi. Amma zumunci a ƙafa ya ke, in ji mutanen dā. Ka je da ƙafarka, ka ɗauki kujeru, ka sara itace, matarka ta taya dahuwa, ka ba da ɗan abin da ya ke naka na gaskiya, ka kuma faɗa a fili, “Bana a na bina bashi, iyakar ƙarfina ke nan.” Marowaci yana da shi ya hana. Kai kuwa abin da ke hannunka na wani ne, kyauta da kayan wani kuwa ba karimci ba ne. Baƙo ya zo, ka ba shi ruwa da tabarma da irin tuwon da ku ke ci. In ya raina, laifin yana wuyansa.

I, za a yi magana. Za a ce wane ya tsiyace, za a ce matarsa ta maimaita zane ɗaya a biki uku. Wannan ita ce wahalar gaske cikin al'amarin, ta fi rashin nama zafi. Amma kunya iri biyu ce a gabanka, dole kuwa ka ɗauki ɗaya: kunyar tsohuwar riga, ko kunyar sāke hanya domin kada ka wuce ta ƙofar kantin wanda ya ke binka. Ta farkon ba ta da laifi a gaban Allah.

Zancen baiko fa? A nan masu bi sun rabu, ni kuwa zan faɗi abin da na gani. Ban ce wanda a ke bi bashi ya rufe hannunsa sarai ga aikin Allah ba, gama zuciyar da ta daina bayarwa ta kan bushe, anini biyun gwauruwa kuwa sun sami yabo. Amma mutum ya miƙe cikin taro ya yi alkawarin kuɗi mai yawa domin a tafa masa, alhali mai ƙosan unguwarsu tana binsa tun watan jiya, wannan ba sujada ba ce. Cikin Matta sura 5 Ubangiji ya koyar cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Ya kamata shugabannin ikilisiya su ma su yi hankali, kada su matsa wa mutane da tare-taren neman kuɗi har su tura su wurin masu ba da rance.

John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila wanda ya rasu a 1791, ya ba da labarin wani saurayi a Oxford, mutane da yawa kuwa sun ɗauka shi kansa ne. Samunsa fam 30 ne a shekara, ya zauna a kan 28, ya ba da 2. Da samun ya zama 60, ya zauna a kan 28 ɗin nan, ya ba da 32. Haka ya yi har samun ya kai 120. Saurayin ba shi da iyali a lokacin, tsadar kaya kuma ba ta gudu kamar yadda mu ka gani a zamaninmu, saboda haka ba na cewa ka riƙe lissafinsa. Abin koyi shi ne ya yanka wa kansa iyaka tun kafin kuɗin su zo. Haka wanda a ke bi zai yi. Ranar da kuɗi suka shigo, ya fitar da rabon mai binsa ya kai masa kafin dare, gama kuɗin da suka kwana cikin gida su kan sami aikin yi kafin gari ya waye. In an ƙara masa albashi, ko gona ta yi albarka, ƙarin nan na mai bashi ne har a gama.

Yanzu fa dole in juya ga waɗansu waɗanda dukan zancen nan zai zama musu kamar ba'a. Akwai gidan da ba abin ragewa. Tun da a ka janye tallafin man fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mai ya haura ninki biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi bayansa. A 2024 an ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma manomi da ɗan dako da mai wankau ba su cikin wannan lissafi. Manomin da hatsinsa ya ƙare tsakiyar damina, ya karɓi dami ɗaya da alkawarin biyan biyu da kaka, ba ado ne ya kai shi ba. Wanda ya jinginar da gonarsa domin a yi wa matarsa aiki a asibiti bai yi almubazzaranci ba. Kada kowa ya ɗauki wannan takarda ya buga wa irin waɗannan a ka.

A zamanin Nehemiya an yi haka a Urushalima. Sura 5 ta littafinsa ta ba da labari: saboda yunwa da harajin sarki mutane suka jinginar da gonakinsu da gidajensu, har waɗansu 'ya'yansu mata suka shiga bauta. Nehemiya bai tara matalautan ya yi musu wa'azin tattali ba. Manya da masu mulki ya tara, ya tsauta musu saboda ruwan da su ke karɓa, ya sa suka rantse za su mayar da gonakin. Shi kansa kuma, shekara goma sha biyu da ya yi yana mulki, bai karɓi abincin da a ka saba ba mai mulki ba, domin nauyin ya yi wa jama'a yawa. Ashe, wani lokaci gidan mai hali ne ya kamata ya rage, domin gidan maƙwabcinsa ya fita daga bashi. Kai da ka ke bin ɗan'uwanka, ka dubi halinsa da kyau. In yana shagali da kuɗinka, ka yi masa magana a fili. In kuwa ka ga ya tsuke bakin aljihunsa, yana kawo maka kaɗan kaɗan da aminci, ka yafe masa ruwan, ka ƙara masa kwana. Ka tuna da misalin bawan nan na Matta sura 18, wanda a ka yafe masa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe wuyan wanda ya ke bi dinari ɗari.

Sauran magana ɗaya ga wanda ya ƙudura zai fita. Kada ka ci sabon bashi domin ka biya tsohon, balle irin rancen nan na cikin wayar hannu wanda a ke samu cikin minti kaɗan. Ruwansa mai yawa ne, kwanakinsa kaɗan ne, waɗansu masu ba da shi kuwa sun riƙa aika saƙon tozarci ga dukan sunayen da ke cikin wayar wanda ya makara, har a 2022 hukumar kare hakkin masu saye ta Gwamnatin Tarayya ta kafa musu ƙa'idodi. Cikin masu binka, ka fara da talakan da ke jiran kuɗinsa domin ya ci, watau ɗan ƙodagon da ya yi maka noma da matar da ta ba ka awo, gama Shari'a ta hana hakkin ma'aikaci ya kwana a hannunka. Bayansu sai bashin da ya fi ruwa mai yawa. Sauran kuwa kada ka ɓuya musu. Ka tafi da kanka tun ba su aiko ba, ka ɗauki dattijo ɗaya na ikilisiya ya zama shaida, ka ce, “Ga abin da ka ke bina, ga abin da zan iya kawowa kowane wata, ga na fari a hannuna.” Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka domin ka faranta masa rai a ranan nan. A rubuta a takarda biyu, ɗaya wurinsa ɗaya wurinka, kowane biya kuma a sa hannu a gaban shaidan nan, har ranar da za a ja layi a ƙarƙashin lissafin.